Zanen Bilki a Kan Rairayi

Da hantsi ne, amma rana ta riga ta fara gasa ƙasa kamar azahar ta yi. Bazarar shekarar nan ta zo wa Madarumfa da zafi iri biyu, na rana da na sanƙarau. Iska ta tsaya cik, ruwan tafki ya ja da baya, kuma da wuya a wuni ba a ga an nufi maƙabarta da wani ba. Uwa in ɗanta ya ce kansa na ciwo, sai ta kama wuyansa ta gwada lanƙwasawa tun ba ta tambaye shi ko ya ci abinci ba.

A irin wannan safiya ce Lawali ya nufi gidan likita yana ɗingishi. Saurayi ne mai lambu a bakin tafki, yana kuma taɓa kamun kifi. Tsohuwar ƙugiya ce ta shige masa a dunduniya. Da ya hango tantunan da aka kakkafa wa masu sanƙarau a gaban gidan, sai tsoro ya kama shi. Ya kasa bi ta nan, ya zagaya ta baya.

Can ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro ya tarar da wata budurwa cikin farar riga, ta tsuguna da tsinke a hannu tana zane a rairayi. Ta yi da'ira a tsakiya, ta kewaye ta da ƙanana, tana jan layi daga wannan zuwa wancan, tana magana ita kaɗai.

Lawali ya ja ya tsaya, ya yi a'uziyya a zuci.

"Salamu alaikum. Ƴammata, duba kike yi?"

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja don rashin hutu, amma da ta yi dariya sai ya ji kamar an yayyafa masa ruwan randa.

"Darasi nike yi, Malam. Mi ya samu ƙahwarka?"

Sunanta Bilki. Ƴar lakwal ce, wato makaranta, mai koyon aikin jinya a Damagaram, an turo su ita da ƴan ajinsu Madarumfa su taimaka su kuma koyi aiki da hannu. Ta zaunar da shi a kan saiwa, ta share zanen da tafin hannu, ta sake sabuwar da'ira.

"Madam Saratu, majon gidan ga, shugabar masu jinya, ita ta koya muna. Ta ce hadda kaɗai ba ta jinya. Ka sa marar lahiya a tsakiya, ka jera abin da ka gani da abin da anka hwaɗa maka kewaye da shi, sa'an nan ka ja layi, wanga shi ya kawo wanga. In layi ya ƙi haɗuwa, to akwai tambayar da ba ka yi ba. Takarda ta yi wuya, shi ya sa nike yi a ƙasa. Mi sunanka?"

"Lawali."

Ta rubuta shi a tsakiyar da'irar. Ta tambaye shi yaushe, da wane ƙarfe, ko yana da tsatsa, ko jikinsa ya yi zafi. Duk amsar da ya bayar sai ta samu da'irarta.

"Ka gani? Ƙarhe mai tsatsa, rauni mai zurhi, ga taɓon tafki. Duka sun haɗu wuri guda. Wanki kaɗai bai isa ba, sai an yi maka allurar sarƙe-haƙora."

"Allura kuma? Ni da na zo a ɗaure mini tsumma?"

"Ƙaton mutum kamarka? Ka kama kihi da ƙugiya, yau kihi ya rama, sai ka yi haƙuri."

Don kunya, ya tsaya aka yi masa allurar. Da zai tafi ta ce, "Sauka lahiya, majinyacina." Ya koma gida yana maimaita kalmar har ya manta da wace ƙafa yake ɗingishi.

Tun daga ranar, kwandon salati da tumatir ya riƙa zuwa bayan gidan likita. Lawali bai yi nisa a lakwal ba, rubutu yana ba shi wahala, sai ya sayi batir ya zauna gaban rediyonsa mai kaset ya yi magana, ya tura kaset ɗin ƙarƙashin ganye.

"Likitata, ni ne. Ƙahwa ta warke, amma wani ciwon ya taso. Abinci ba ya shiga, in ina ban ruwa sai in zuba wa ƙahwata in bar tumatir. Don Allah ki zana shi a ƙasa ki gani, layin ina ya nuhwa. Ki riƙa cin abinci, ki riƙa ɗaure hancinki in za ki shiga tantunan nan, ina jin tsoro. Shi ke nan, batir ya kusa mutuwa."

Kwandon ya dawo da kaset ɗin, an yi magana a bayansa.

"Majinyacina, na zana. Layin ya bi ta garin Sarkin Yamma, ya tsaya a ƙohwar gidan wani mutum ana ce mishi Arziki. Shi ya haihe ni. Maganinka na hannunshi, sai ka aika manya."

Lawali ya saurari kaset ɗin har zaren ya fara laushi.

Ana nan sai aka kawo wani mahauci gidan likita, ciki ya kumbura. Bilki ta yi zanenta a gaban danginsa, ta tashi da sauri ta kira Madam Saratu, suka ce a kai shi Maraɗi tun rana ba ta faɗi ba. Dangi suka tsaya shawara. Kafin su gama, mutumin ya cika.

Washegari magana ta cika kasuwa: ƴar likita ta buga ƙasa ta ga mutuwar mahauci. Wanda ya fi kowa yayata ta shi ne Nasiru, wani mai moto, wato babur, daga garin Ɗan Issa da ya nemi Bilki ta ce masa ya yi haƙuri. Shi ya tono cewa kakanta, tsoho Ɗogo, har yanzu bai bar al'adar kakanni ba, kuma a ƙuruciyarsa har daga nesa ake zuwa ya buga wa mutane ƙasa. Wannan kam gaskiya ne. Ubanta ne ya musulunta tun yana saurayi, ita kuwa a kan salla ta tashi, amma wa zai tsaya jin wannan a lokacin da kowa ke kwana da fargaba? Mata suka riƙa janye ƴaƴansu in ta wuce. Wasu suka ce duk wanda ta rubuta sunansa a ƙasa, tasa ta ƙare.

Malam Isa, mahaifin Lawali, mutum ne mai almajirai manya da girma a unguwa. Ya kira ɗansa zaure bayan la'asar. Da yake ɗan fari ne, ba ya kiran sunansa.

"Kai, zauna. Maganar aike Sarkin Yamma da ka kawo, na janye ta."

"Baba, wallahi darasi ne. Madam ce ta..."

"Na ga darasi a allo, na ga darasi a takarda. Wanda ake tsugunawa a yi a ƙasa da tsinke, a ce wane ba ya kai gobe, na san sunanshi. Jikar Ɗogo ce. Ba a shigo mini da duba cikin gida ina raye. An ce har sunanka ta rubuta. Haka ne?"

Lawali ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba."

"To ka gani."

Abin da ya fi damun Lawali, maganar ta sami wurin zama a zuciyarsa. Ya tuna yadda ta sa sunansa a tsakiyar da'ira, ya tuna tun ranar bai sake mallakar hankalinsa ba. So ne, ko kamu ne? In ya yi salla sai ya roƙi Allah ya raba shi da ita in sharri ce, yana gamawa kuma sai ya ji tsoron kada a amsa. Kwando ya daina zuwa. In ya hango farar riga a hanya sai ya sauya lungu.

Wata ranar kasuwa ya tarar an ajiye masa tsohon kwandonsa a bakin lambu, da kaset a ciki.

"Lawali, ba ni ce maka majinyacina yau, don ban san ko kana so ba. Na ji abin da ake hwaɗi. Kakana kakana ne, ba ni musun shi, shi ya goya ni. Amma ni ban san gobe ba. Da na san gobe, da ban bari zuciyata ta kai inda ta kai ba. Mahaucin nan idona ya gani, hannuna ya taɓa, matarshi ta ba ni labari, shi ke nan abin da na zana. Kowa ya guje ni ban yi kuka ba, sai da na ga ka sauya hanya. In hadari ya hwara tasowa za mu koma Damagaram. Allah shi tsare ka da ciwon ga, kai da su Inna."

Ya kashe rediyon ya zauna a cikin kunyar albasa, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Ba a jima ba abin da kowa ke tsoro ya ƙwanƙwasa ƙofarsu. Inna Ɗelu, mahaifiyar Lawali, ta tashi wuyanta a sandare. Kafin rana ta take, ko furar da aka dama mata ta kasa shiga. Maƙwabta suka leƙo daga bakin ƙofa, suka ja da baya suna salati. Sanƙarau ya shigo gidan Malam.

"Baba, mu kai ta gidan likita."

"Wurin yarinyar can? Ta rubuta sunan uwarka a ƙasa? Na yi rubutu, za a ba ta."

"Bakin ba ya buɗuwa, Baba. Ta ina za ta sha?"

Malam ya juya baya. Ya shiga masallaci sallar azahar, tasbaha a hannu.

Lawali ya tsaya a kan uwarsa. Tana kallonsa tar, ta san shi, hawaye na bin gefen idonta, haƙora a dantse. Jakin maƙwabta ya yi kuka, sai jikinta duk ya ɗauki karkarwa, bayanta ya banƙare har ya bar tabarma. Tsoro biyu suka taru masa, na ubansa da na zanen Bilki, amma wanda ke kwance a gabansa ya fi su duka. Bai taɓa saɓa wa Malam ba tun da aka haife shi. Ya ɗaura jaki a amalanke, ya shimfiɗa katifa, ya ɗauki uwarsa kamar jaririya.

Bai bi ta gaban tantuna ba. Ya zagaya ta baya, wurin dogon yaro.

Bilki na ganinsa ta taso a guje. Ba ta ce masa ina ka shiga ba. Ta taɓa goshin Inna, ta duba idonta, ta gwada buɗe bakin, ta kira Madam Saratu. Masu ɗaukar marasa lafiya suka zo za su wuce da ita tanti.

"Ku dakata," in ji Bilki. "Madam, akwai abin da bai zauna mini ba."

Madam Saratu, mace mai jiki da ƙaramar murya, ta dubi Inna da kyau, ta dubi ɗalibarta.

"To, zana mu gani. Da sauri."

Bilki ta tsuguna ta ɗauki tsinke. Daidai nan Malam Isa ya iso, rawani a warware, yana haki, sandarsa a hannu.

"Kar ki kuskura! Kar ki sa sunanta a ƙasa!"

Bilki ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi.

"Ba ni sa suna, Baba. Ga dutse, shi ne Inna." Ta ɗora ɗan dutse a tsakiya. "Kuma ba ni zana komi sai abin da kunka hwaɗa da bakinku. In na zana abin da ba ku ce ba, ku share da ƙahwa, ku tahi da ita."

Malam ya dogara sandarsa, Bilki ta juya ga Lawali.

"Ta yi amai?"

"A'a," in ji Lawali.

"Ta yi kukan ciwon kai kahin wuyan ya ƙage?"

"Muƙamuƙi ta ce yana mata nauyi, tun shekaranjiya."

"Tana gane mutane?"

"Tana ganewa."

"Jikin da ɗumi, amma ba zahin sanƙarau ba, na taɓa. Mi ke tayar mata da karkarwar?"

"Ƙara. Jaki ya yi kuka ɗazu..."

Kowace amsa ta samu da'irarta. Bilki ta ja layi daga wuya zuwa inda ta rubuta sanƙarau a gefe, ta nemi na biyu ta rasa. Sauran duk suka karkata wani gefen, suka taru a kan wata da'ira da ta bari babu komai a ciki.

"Mi ya rage?" Madam Saratu ta tambaya a hankali.

"Ƙohwa, Madam. In abin da nike zato ne, sai da ya samu inda ya shiga jiki. Rauni, ko ƙuna, ko yanka." Ta dubi Lawali. "Ta ji ciwo kwanan nan?"

"Ban sani ba. Inna ba ta hwaɗa mini irin wannan."

Bilki ta ɗaga kai ta dubi Malam. Wurin ya yi tsit, sai nishin Inna. Malam ya daɗe yana kallon da'irar da ba komai a cikinta.

"Ƙusa," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "A garken awaki ta taka ta, mako ya wuce. Ƙahwar hagu. Ni na sa mata toka na ɗaure."

Madam ta kwance tsumman da zane ya rufe. Ga raunin nan, ya yi baƙi.

Bilki ta miƙa hannu za ta ja layin ƙarshe, sai Malam ya riga ta. Ya sa bakin sandarsa a da'irar, ya ja har zuwa dutsen.

"Nan ya shiga ke nan," ya ce.

"Nan ne, Baba. Sarƙe-haƙora ne, irin wanda anka yi wa ɗanku allurarshi. Maganinshi dabam ne. In ta shiga tanti cikin hayaniya, karkarwar na iya tsayar mata da numhwashi. Ɗaki mai duhu take so, da shiru, da babban asibitin Maraɗi."

"Daidai," in ji Madam Saratu. "Ki wanke raunin, ni zan yi mata allurar kwantar da jiki. A tayar da mota."

Ana ɗora Inna a mota, Malam ya matso kusa da Bilki.

"Yarinya, ke da kike gani. Za ta tashi?"

Hawaye suka zubo wa Bilki.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Ciwon ga mugu ne. Wannan ba ya cikin zane, yana wurin Allah."

Malam ya dube ta. Ya san masu duba, bai taɓa jin wanda aka tambaya ya ce bai sani ba.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce, ya shiga mota.

Makonnin da suka biyo baya, Lawali bai san yadda suka wuce ba. Ɗaki mai duhu, tafiya da sanɗa, ko cokali ba a bari ya faɗi. Sau da dama karkarwa ta taso har suka fara salati, sai kuma ta lafa. Shi da ubansa suna zaune a baranda, ba mai iya kallon ɗan'uwansa. Duk ranar hutunta Bilki sai ta shigo motar kasuwa da kunu mai ruwa-ruwa, ta zauna gefen Inna tana ɗiga mata kaɗan-kaɗan. A bakin ƙofa Lawali ya tare ta.

"Likitata, na ji kunya. Na yi zaton..."

"Na san abin da ka yi zato."

"Ki yahe mini."

"Sai na zana na gani." Ta ɗan harare shi, murmushi ya ƙwace mata. "Ka rame, majinyacina. Ka ci wani abu."

Ranar da aka yi ruwan farko, ƙamshin ƙasa ya shigo har ɗakin, bakin Inna ya buɗe. Ta motsa muƙamuƙi a hankali, ta dubi mijinta.

"Malam, ina ɗiyar nan mai tsinke? In ba ka aika Sarkin Yamma ba, ni zan tahi da ƙahwata."

"Da wace ƙahwar?" in ji Malam. Ya juya fuska yana gyara rawani, don kada a ga idonsa.

Da kansa ya jagoranci masu neman auren. Arziki ya karɓe su da mutunci, tsoho Ɗogo kuwa yana zaune a kan buzunsa yana ta dariya.

"Malam, an ce kun ce ta gaje ni. Ina! Ni mutum bai buɗe baki ba nike hwaɗa mishi. Wagga kuwa sai ta ishe ka da tambaya kamar alƙali. Ku ɗauke ta ko na huta."

Har Malam Isa sai da ya murmusa.

Bayan kaka, gero ya shiga rumbu, Bilki ta ci jarrabawarta aka turo ta aiki Madarumfa. Aka ɗaura aure ranar Juma'a. Matan da suka riƙa janye ƴaƴansu su ne a gaba wurin guɗa, Nasiru kuwa ya ce tafiya ta kama shi zuwa Katsina. Inna Ɗelu ta taka rawa da ƙafar hagu don kowa ya gani. Madam Saratu ta riƙe hannun amarya har ɗakinta. Malam ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo: Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa hannunta ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya raba garin da annoba. Aka shafa.

Kwana kaɗan da tarewa, da sassafe bayan an sauko daga masallaci, Lawali ya ji motsi a tsakar gida. Ya leƙa ta labule. Ubansa ne, da buhu a kafaɗa. Ya zazzage farin rairayin bakin tafki a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar ɗakin amarya, ya tsuguna ya tsince tsakuwa, ya baje shi da tafin hannu har ya yi sumul. Ya ciro wani tsinke da ya fere daga aljihu, ya ajiye a gefe.

Bilki ta matso bayan mijinta za ta fita ta gaishe shi. Lawali ya riƙe hannunta, ya girgiza kai.

Malam ya karkaɗe hannunsa, ya naɗe buhun, ya wuce zaure.